Lasifika mai amfili a cikinta ko wadda ake haɗawa da amfili daban? Ina neman shawara daga Tawa

Ɗan Bilbis ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni a Tawa nike, sana'ata ba da hayar kujeru da rumfuna wajen biki da suna da zaman makoki. Duk gidan da na kai kaya, abin da ake fara tambayata shi ne ko ina da sono, wato kayan sauti. Sai in kira wani shi zo da nashi, shi amshi kuɗin da sunka fi na kujeruna, kuma in murya ta ɓaci tsakiyar addu'a ni ake kallo, tunda ni na kawo shi. Yanzu yayana da ke Abijan ya aiko mini jika 600, ya ce in sayi nawa in huta.

Aikin da nike so in yi da su mafi yawansa magana ce: ɗaurin aure, walima, wa'azi ƙofar gida, tafsirin azumi, taron ƙungiyoyin mata, wani lokaci a ɗauke ni faɗakarwa ƙauyukan hanyar Keita ko Badagishiri. Akwai ranar da makaɗa ka zuwa da kalangu da mawaƙinsu, da marece kuma mata su sa waƙa daga waya. Jama'a daga 150 zuwa 300, kuma kusan kullum fili ne ko titi da anka tare, ba cikin ɗaki ba. Kaya a amalanke nike ɗaukarsu, ni da yaro guda. Ina da ƙaramin gurup, wato injin ba da wutar lantarki, mai ƙarfin kVA 2 da rabi.

Abu biyu ne gabana. Wani mai shigo da kaya daga Kano ya gwada mini manyan lasifikoki biyu na katako, kowace da baki biyu na inci 15, da amfilinsu daban, wato na'urar da ke ƙara ma sauti ƙarfi, wanda anka rubuta 5000 W a gabansa. Da ya kunna su har ƙofar shagon ke rawa. Wani abokina kuma da ke Yamai ya turo mini hoton waɗanda amfilinsu ke cikinsu, jikin roba, inci 12, an rubuta 1000 W, na hannu ne sun zo daga Turai. Kuɗin kusan ɗaya ne. Zuciyata ta fi karkata ga manyan, don ina tsoron in kai ƙanana wajen biki a raina ni. Amma abokin nawa shina ta nacin cewa ƙananan sun fi.

To wanne ya dace da irin aikina? Ƙananan za su kai murya har bayan taro a fili? Kuma zafin Tawa da ƙura ba za su kashe amfilin da ke rufe cikin akwati ba? Wanda ya sani shi taimaka, kuɗin nan gumin ɗan'uwana ne.

Mai Sono na Yamai ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka wa yayanka da alheri. Na daɗe cikin wannan sana'a a Yamai, kuma da irin manyan nan na katako na fara, don haka ba raina su nake ba. Amma ga aikin da ka zayyana, masu amfili a ciki nake ba ka shawara.

Ka fara cire lambar wat daga ranka. Wat yana gaya maka wutar da amfili zai iya turawa, ƙarar da za ta fito kuwa da desibel ake auna ta. Kamar a ce maka jaki yana cin dami kaza ne, alhali kai nauyin da yake ɗauka kake son sani. Kuma lambar da ake mannawa a gaba yawanci ta ƙololuwa ce, wadda amfilin ke taɓawa na ƙiftawar ido. Yamaha DBR12, misali, 1000 W aka rubuta mata, amma kamfanin da kansa ya ce abin da take riƙewa a ci gaba 465 W ne, ƙararta kuma tana kaiwa desibel 131. QSC K12.2 an rubuta mata 2000 W, ƙararta desibel 132. Ninki biyu a wat, desibel ɗaya tak a kunne. Ko da komai nasu iri ɗaya ne, ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ƙara kamar desibel 10, wato wat ya ninka sau 10. Amfilin da ba a san kamfaninsa ba in ya ce 5000 W, ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka juya bayansa ka karanta wutar da yake sha. Ba zai ba da abin da bai sha ba.

Abin da ya sa na fi son mai amfili a ciki shi ne an riga an yi maka lissafin da ke ƙona kayan mutane. A cikin akwatin nan yawanci amfili biyu ne, ɗaya na babban bakin mai ba da kauri, ɗaya na ƙaramin ƙahon da ke sama mai ba da kaifin murya. Akwai abin da ke raba sauti tsakaninsu, kowa ya karɓi rabonsa. Akwai kuma mai tsaro da ke danne ƙara in ta nemi wuce ƙarfin lasifikar, za ka ga wata ƴar fitila a baya tana ƙyaftawa. In tana ƙyaftawa jifa-jifa babu komai, in ta tsaya a kunne ka rage. Su kuwa na katakon, kai ne za ka san om nawa kowace take, wato ma'aunin yadda take tare wutar da amfili ke turo mata, ka san cewa biyu masu om 8 in ka jona su a layi ɗaya sun koma om 4, ka san ko amfilinka zai jure. Ranar da yaronka ya murɗe maɓalli har ƙarshe don mata sun ce a ƙara, ƙahon sama ne zai fara tafiya, daga nan magana ta koma gunguni.

Wannan ƙahon na sama shi ne rayuwar aikinka. Abin da ke sa a bambance "sa" da "sha" da "tsa" a bakin malami yana can sama ne, wajen has 2000 zuwa 4000, has kuwa shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti. Rawar da ƙofar shagon ta yi maka ta kaurin ƙasa ce, tana da daɗi a waƙa, amma ba ta ƙara wa tafsiri komai. Sau da yawa ma ita ke cushe magana. Shi ya sa a bayan irin su DBR za ka ga wani ɗan makunni mai yanke abin da ke ƙasa da has 100 ko 120. Ranar wa'azi ka kunna shi, za ka ji murya ta washe.

Batun kaiwa bayan taro kuwa, a fili duk lokacin da nisa ya ninka ƙara tana raguwa da desibel 6. Mu ce lasifikarka tana ba da 120 a mita 1, ba tare da ka matsa mata ba. A mita 2 ta zama 114, a mita 4 ta zama 108, a mita 8 ta zama 102, a mita 16 ta zama 96, a mita 32 ta zama 90. Hirar mutum biyu kusan 60 ce. Ka ga mutum 300 ba su fi ƙarfinta ba. Sharaɗin ɗaya ne, ta hau sama. Jikin mutane da manyan riguna suna shanye kaifin murya, in ka ajiye lasifika a ƙasa sahun gaba ne za su sha ƙara, na baya su ji ɗumi kawai. Masu amfili a ciki suna da rami a gindi, milimita 35, na ɗora su a kan sanda. Ka ɗaga har ƙahon ya wuce kan wanda ke tsaye. Manyan katakon nan masu baki biyu ba ka da yadda za ka ɗaga su sai ka haɗa tebura, kuma kai da yaro guda ne. DBR12 ba ta kai kilo 16 ba, hannu ɗaya ke ɗaukarta.

Ka kuma lura ƙahon yana watsa murya kamar digiri 90 ne a faɗi. Wanda ke gefe sosai ba zai ji da kyau ba. A titin da aka tare, wanda dogo ne siriri, kada ka sa su suna kallon bangon gidan da ke tsallake, muryar za ta dawo ta haɗu da ta biyu. Ka juya su su bi tsawon titin.

A bayansu za ka tarar da ramuka biyu ko uku na shigarwa. Wasu suna da makunni mai cewa MIC ko LINE. In makirufo ka sa kai tsaye, MIC. In daga mikisa, wato na'urar da ke haɗa makirufo da yawa wuri ɗaya, ko waya ne, LINE, in ka bar shi a MIC sauti zai fashe. Akwai kuma ramin fita da za ka ja waya daga ta farko zuwa ta biyu. Ƙaramin suna ko addu'a, makirufo ɗaya da lasifika ɗaya sun gama maka aiki, ko mikisa ba ka buƙata. Wayar sauti ka sayi mai kai uku da ake kira XLR, ita ce ke tafiya mita 20 ko 30 ba ta kwaso ƙugi ba.

Wata rana in masallacin unguwa suka nemi ka sa musu na kiran salla, kada ka ba su irin wannan. Nasu ƙahon ƙarfe ne irin na TOA ko Ahuja, wanda ke kwana a rana da ruwa.

Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Malam Mai Sono ya faɗi gaskiya kan sauti, amma ni da ake kawo wa gawar kaya ina da abin ƙarawa, kuma nan Tawa nike kamar kai.

Tsohon amfili mai babbar taransifoma, in ya ƙone, buɗewa nike in canza taransisto, gobe ka zo ka ɗauka. Waɗannan sababbin marasa nauyi, abin da ya sa ba su da nauyi shi ne babu waccan taransifoma, allo ne cike da ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero, kuma wasu ba a samunsu nan. In allon ya tafi sai an aika Yamai ko Kano, wani lokaci ka jira a kawo daga waje. Ka san da wanga kafin ka sayi. Abin da zan yarda da shi, in kana da biyu ɗaya ta mutu, ɗayar tana ci gaba da aiki har a tashi taro. Mai amfili guda kuwa in ya tsaya, kowa ya yi shiru.

Mafi yawan waɗanda anka kawo mini, wuta ce ta kashe su, ba ƙara ba. Gurup in ya tashi ka bar shi ya daidaita kafin ka jona komi. Kada ka bari man ya ƙare lasifika na kunne, lokacin da injin ke shaƙewa wuta hawa da sauka take. Kada a jona firji ko injin niƙa layi guda da su. Lasifika ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa. Ka sayi regilater mai kyau, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, da wayar wuta mai kauri, milimita 2,5, ba siririyar nan ta fitila ba. Ka tuna kowace lasifika waya biyu take so, ta wuta da ta sauti, to lissafin waya ya ninka.

Tunda na hannu ne, ka ce ma abokinka shi ɗauko hoton takardar da ke manne kusa da ramin wuta. Wutarmu bolt 220 ce. In ta Turai ce babu matsala, amma akwai kayan Amurka masu 110 ko 120 da ke shigowa cikin kwantena guda, in ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, jonawa ɗaya ta isa.

Zafi kuwa gaskiya ne. Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, baƙin akwati cikin rana ya fi haka nesa. In ya yi zafi ainun shina rage ƙara ko shi kashe kanshi har shi huce. Rumfa sana'arka ce, ka ba bayansu inuwa, kada ka jingina su da bango, kada ka rufe su da zane suna aiki. Lokacin hunturu ka riƙa share ƙura daga ramukan iska da busasshen buroshi. Hadari in ya taso, su za ka fara kwashewa kafin kujeru.

Kuma kada ka biya sai ka ji da kunnenka. Ka tafi da makirufonka, ka yi magana a hankali. In ka ji ƙaiƙayi kamar takarda na gogar wani abu, zaren cikin bakin ya taɓa ƙonewa. Ka kai kunne saitin ƙahon sama ka tabbata shina fitar da sauti. Ka bar ta tana waƙa rabin awa ka ga ko za ta yanke. Jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwa, wadda ta yi araha fiye da hankali ka bar ta.

Maman Biyu ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, muna yawan fita faɗakarwa wajen Illela da Madawa, kuma ni ce mai riƙe makirufo, shi ya sa na sa baki.

Ɗana, ka ware kuɗin makirufo mai kyau tun yanzu. Na sha tsayawa gaban mata ina bayanin rigakafi, lasifika lafiya lau, makirufo maras waya yana yankewa don batir ya yi sanyi. Ka samu mai waya ko guda ɗaya ka ajiye a jaka, irin Shure SM58 in ka dace da na gaske. Ka riƙa gaya wa mai magana ya kawo shi kusa da baki, kada ya dunƙule kansa da tafin hannu, kuma kada ya tsaya gaban lasifika. Kukan nan mai tsaga kunne daga nan yake zuwa, makirufo ya ji abin da lasifika ta faɗa ya mayar mata. Lasifika gaba, mai magana baya.

Sai roƙon da nake yi wa duk mai sono. A wajen biki mata da goyo su ke zama gaba, yara kuma gindin lasifika suke taruwa. Masu kula da lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 lokacin yana rabewa biyu, a desibel 100 minti 15 ke nan. Dubi lissafin da Malam ya yi a sama ka ga abin da ke mita 2 da mita 4. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ka ɗaga su sama kamar yadda aka ce, ka bar fili tsakaninsu da tabarmar farko, in ka ga sai mutum ya yi ihu kafin na kusa da shi ya ji, ka rage ko an ce ka ƙara.

Ɗan Bilbis ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah shi biya ku. Mama, na ji, kuma makirufo mai waya shina cikin lissafi. Baba mai gyara, zan zo shagonka da hoton in abokina ya turo.

Malam Mai Sono, saura abu uku. Gurup ɗina zai ɗauki biyu masu 1000 W, ga fitilu? Ranar da mata ka sa waƙa, inci 12 ba zai yi musu rauni ba, ko in nemi inci 15? Kuma in kuɗin ba su kai biyu masu kyau ba bayan na cire waya da regilater, in sayi guda mai kyau ko biyu matsakaita?

Mai Sono na Yamai ya amsa:

Gurup ɗinka ya isa har da saura. Lambar 1000 ba ita ce wutar da take sha ba. Magana da waƙa hawa da sauka suke, kuma irin wannan amfilin ba ya ɓarnar wuta, a aiki na yau da kullum kowace ɗaya ba ta cika wuce 100 W ba. Biyu da mikisa da fitilun LED ba za su dame shi ba. Ka dai nisanta shi da taro, ka sa shi bayan bango, don ƙararsa kada ta shiga makirufo.

Inci 15 ya fi kauri kaɗan, ya fi nauyi da kamar kilo 3 ko 4, amma inci 12 ya fi fitar da murya, kuma murya ce abincinka. Kaurin da ke bugun ƙirji aikin wani akwati ne daban mai inci 18 da ake ajiyewa a ƙasa. Shi ma akwai mai amfili a ciki, kuma ana jona shi da waɗannan ba tare da ka canza komai ba. Ka bari sai kayan sun fara mayar da kuɗinsu. Makaɗa kuma kada su tayar maka da hankali, kalangu yana kai kansa nesa, mawaƙi da ƴan amshi su ne ke neman makirufo. Mikisa mai ramuka 6 ta ishe ka.

Tambayarka ta ƙarshe, ni dai biyu nake so ka samu, saboda taronmu kashi biyu ne, maza a waje mata a cikin gida. Ɗaya ta kalli titi, ka ja XLR ta zaure ka kai ɗayar tsakar gida ka rage mata ƙara da nata maɓallin. Amma in zaɓin ya zama tsakanin guda ta gaske da biyu da ba a san asalinsu ba, ɗauki gudar, ka riƙa hayar ta biyu ranar babban taro har ka tara.

Sanduna kada ka kashe kuɗi a kan na waje masu ƙafar roba, rairayi da rana ba sa barinsu. Ka kai lasifikar wajen mai walda nan Tawa ya auna ramin, ya yi maka na ƙarfe mai ƙafa uku masu faɗi, tsayi kamar mita 2, da ƙugiya a ƙasa inda za ka rataya buhun yashi saboda iskar gaban hadari. In za ka zo Yamai gwajin kayan, ka rubuto nan kafin ka taso, in gaya maka ranar da ba ni da aiki mu je tare.